Rakodar Malam Nuhu da Jakadiyar Bakin Iyaka

Yaran jami'a suna zuwa wurina yanzu da waya a hannu. Su ce, "Gwaggo Tabawa, ki kai mu wurin tsofaffi mu ɗauki tarihi." In na kai su, sai su danna waya, su karanto tambaya daga takarda, kafin a kawo musu ruwan sha sun miƙe suna karkaɗe riga. A ganinsu aikin ke nan. To ku zauna ku ji. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan. Amma na yi shekaru ina ɗaukar maganar tsofaffi, kuma na ga wannan aikin ya kayar da mutum a gabana.

Ni dillaliya ce tun asali. Atamfa, kwanuka, 'yan kunne, duk abin da matar kulle ke so ta saya ko ta sayar, ni ke kai shi in kawo. Mijina ya rasu da wuri, da wannan na riƙe yara. Babu ƙofar da ban shiga ba daga Daura zuwa Sandamu.

A shekarun farko da aka ƙaddamar da Shari'a ne wani ya kawo min Malam Nuhu har zaure. Siriri, da tabarau, takalminsa duk ya cinye ta gefe ɗaya. Malamin jami'a ne, yana neman digirin dakta. Fanninsa shi ne yadda masu mulki ke hulɗa da juna: wa ya aika wa wa, me aka ce, yaya aka yi sulhu, yaya aka ɓata. Abin da ya fi damunsa shi ne bakin iyakarmu da Nijar a zamanin Turawa, lokacin da Ingilishi ke nan, Faransa ke can. Ya karanta takardun Turawa ya ƙoshi. Ya zauna da dattawa maza. Saura mata, kuma a lokacin baƙon namiji ba ya zama da matan mutane, ko da tsohuwar ta kai shekara ɗari.

Ya ce, "Gwaggo, ƙafa da kunne nake nema."

Na ce, "Ƙafa akwai. Kunnen, sai an gwada."

Aikina na farko a Sandamu ne, wurin wata tsohuwa da ta ga zuwan jami'in Bature tana yarinya. Na ajiye rakodar kusa da turmi, kuma matan gidan suna daka. Da na dawo Malam ya kunna. Babu abin da ke fita sai ƙarar taɓarya. Inda murya ta fito kuwa, tawa ce. Ina cewa, "Ai Baturen mugu ne, ko ba haka ba, Iya?" tana cewa, "Haka ne."

Malam ya kashe rakodar. Ya ce, "Gwaggo, ke kika ga Baturen?"

"A'a."

"To me ya sa ke kika ba da labarinsa?"

Daga ranar ya koya min aikin. Kafin komai, a nuna wa mutum rakodar, a ɗauki muryarsa kaɗan a kunna masa, in ya yarda a ci gaba. Ba a ɗaukar kowa a ɓoye. Sannan sunansa, sunan uba, garin haihuwa. Ba a sa wa tsoho magana a baki. Duk abin da ya faɗa a tambaye shi: da idonki kika gani, ko ji kika yi? In ji ne, daga wa? In ya yi shiru kada a cike masa shirun, a bar kaset ya yi ta juyawa. Na ƙarshe, wanda ya fi nanatawa: abin da mutum ɗaya ya faɗa a ajiye shi gefe har sai an sami na biyu da bai ji na farkon ba.

Tambayoyin haddace su nake yi, tunda ba na karatu. Zai faɗa, in maimaita, har su zauna.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne na da halinsa. Rakodar baƙa ce, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ba ta son rana, don haka a cikin ƙwarya nake sa ta, in naɗe da tsohon zane. Batir shi ne abin fargaba. Yana iya mutuwa daidai lokacin da tsohuwa ta buɗe baki, kuma tsohuwa ba ta maimaita abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi. Kaset in zarensa ya zubo, da biro ake naɗe shi a hankali. Ni da zaren saƙa nake bambanta su: ja na Sandamu, kore na Baure, baƙi na wajen Mashi. Sai goro da sabulu na gaisuwa. Lokaci ma kayan aiki ne. Da hantsi ake zuwa, bayan tsohuwa ta sha koko. In rana ta take, hankalinta ya tafi wurin waɗanda suka mutu.

Duk aikin Malam a kan mutum ɗaya ya tsaya: wani hakimi na bakin iyaka, ba zan faɗi ƙasarsa ba. Lokacin babban yaƙin Turawa an rufe iyaka, talakawan can suna gudowa nan da iyalansu saboda aikin tilas. Sarkin can ya matsa a mayar masa da su, don shi ma Faransawa sun taka masa wuya. Kowa ya zaci za a zubar da jini. Ba a zubar ba. Aka daidaita: mutanen su zauna nan, amma duk kaka su aika wa tsohon sarkinsu gaisuwar hatsi. Takardun Turawa sun ce hikimar hakimin ce. Jikokinsa ma haka suka ce, kuma sun karɓi Malam hannu biyu, sun ba shi ɗaki, sun ba shi abinci. Ya yi shekaru yana gina littafinsa a kan cewa wannan hakimi gwanin sulhu ne da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Na ji wannan magana har na iya ta kamar karatun sallah.

Sai mummunar shekara ta zo.

Jita-jita ta bazu cewa masu yawo da rakoda 'yan leƙen asiri ne, ana tara muryoyin Musulmi ana kai wa ƙasashen waje. Gidajen da nake shiga ba sallama biyu suka fara ce min matar gidan ba ta nan, alhali ina jin tarinta. A wani ƙauye kusa da Mashi samari suka tare ni suka ce in buɗe ƙwarya. Mai unguwa ne ya raba mu, ya ce in tafi kada in waiwayo. Har dillancina ya taɓu, mata suka daina ba ni kaya.

A daidai lokacin jami'a ta aiko wa Malam cewa lokacin da aka ba shi ya ƙare. In bai miƙa aikinsa ba kafin a yanke gero, za a sallame shi daga koyarwa. Yana da mata da yara huɗu a gidan jami'a. Ya rame har tabarau na zamewa daga hancinsa. Ya ce saura abu ɗaya: an gaya masa akwai tsohuwa a wata rugar noma bayan Baure, Inna Kande, wadda ita ce jakadiyar hakimin. Da aka rufe iyaka maza ba sa wucewa, sai mata masu zuwa suna da biki, don haka ita aka riƙa aikawa. In ta tabbatar da saƙon sulhun da bakinta, ya rufe littafi.

Na tafi da damina tsakiya. Motar kasuwa ta ajiye ni a Baure, sauran na taka da ƙafa, don a lokacin mace ta hau bayan babur ɗin wanda ba muharraminta ba, magana ce. Maigidan da na tarar jikan Inna Kande ne, Haruna, mutum mai gemu da taurin kai. Ya tsaya a ƙofa ya ce ba za a shiga da wannan abin ba.

Daga cikin ɗaki wata murya ta ce, "Haruna, da wa kake rigima?"

"Wata ce, Inna. Masu akwatin nan."

"Ni na wanke maka gindi, yanzu kai za ka zaɓa min baƙi? Matsa."

Ya matsa, amma ya zauna bakin ƙofa.

Inna Kande makauniya ce, ta ƙanƙance kamar yarinya, ƙafafunta sun kumbura. Na gaishe ta, na sa mata rakodar a hannu ta shafa. Na ɗauki muryarta na kunna mata. Ta yi dariya har ta sarƙe.

"Wannan tsohuwar wace ce? Muryarta kamar ta akuya."

"Ke ce, Inna."

"Ƙarya kike, 'yar nan. Ni da hakimi ke cewa in yi magana a hankali kada fadawa su kasa aiki. Yana cin goro, akwatin?"

"Ba ya ci."

"To ba ni nasa."

Ranar farko ba ta ba ni komai ba sai labarin zannuwan da ta ɗaura da kishin matan fada. Na bar ta. Na kwana a gidan, na taya su surfe. Washegari da hantsi na sa sabon batir, na yi tambayar yadda Malam ya koya min, ba ƙari.

"Inna, da hakimi ya aike ki wurin sarkin can kan mutanen da suka gudo, me ya ce ki faɗa?"

Ta yi shiru. Kaset yana juyawa, ina kallonsa.

"Duk sun mutu ko?"

"Sun mutu."

"To. Cewa ya yi in gaya masa shi bawan Faransa ne, ɗan bawa. In yana son mutanensa ya zo da kansa ya ɗiba, ya ga abin da zai koma da shi."

Na ce, "Da kunnenki kika ji?"

"Da na wa zan ji? Har tofar da yawu ya yi."

"Kika je kika faɗa?"

"Ke mahaukaciya ce? In faɗa a ƙone rumbunan mutane? Ƙanwata tana aure a can."

Ta gyara zama. Ta ce shi ma sarkin can yana da tasa jakadiyar, ana ce mata Ta-Rana. Shi ma ya ba ta saƙo mai kama da wannan, cewa zai cike rijiyoyin bakin iyaka da ƙasa. Su biyun ba su taɓa wucewa kai tsaye ba. Akwai gidan wata ungozoma a tsakiyar hanya, nan suke haɗuwa. Kowace ta zazzage abin da aka ba ta.

"Sai mu sheƙe. Ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta saura. In babu tsaba mu zuba tamu. Haka iyayenmu suka yi, haka aka koya mana. Maganar hatsin nan Ta-Rana ce ta kawo ta, muna cin ɗanwake. Na koma na ce wa nawa, ranka ya daɗe, ya sauko, yana roƙon ko hatsi ne a riƙa aika masa don ya rufe bakin Bature. Ita ta koma ta ce wa nata, ya tsorata, yana roƙon ka karɓi hatsi. Kowanne ya kumbura, ya ce na yafe masa. Har suka mutu kowa yana ganin shi ya yi nasara."

Haruna daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, wannan ai ƙarya kuka yi wa shugabanni."

"Ƙaryar ce ta sa aka haifi ubanka a ɗaki, ba a daji ba. Tashi ka ba awaki ruwa."

Na sake tambayarta ta wata hanya, na sake ta wata. Magana ɗaya ce. Na ɗaura wa kaset koren zare na kamo hanya.

A hanyar nan ban ga gona ba, ban ga mutum ba. Ban yi makaranta ba, amma na san abin da ke cikin ƙwaryata. Littafin Malam ne a rushe. Gero ya riga ya fitar da kai. A motar Baure na zauna da ƙwaryar a cinya ina tunanin jan maɓallin nan na ɗaukar murya. In aka danna shi a kan kaset, abin da ke ciki ya tafi. In ce masa batir ya mutu, ko tsohuwa ta ruɗe. Ba wanda zai bi sawu, Inna ba za ta kai baɗi ba. Ya miƙa aikinsa, yaransa su zauna a gidansu, ni ma a ci gaba da aikena. Na yi wannan tunanin tun daga Baure har Daura. Da muka iso na wuce masaukinsa na ajiye masa kaset.

Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Ya mayar ya sake ji. Da aka zo wurin tofar da yawu sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Na ce, "Malam, kai ka ce mutum ɗaya ba shaida ba ne. Tsohuwa ce, makauniya. Ka ajiye shi gefe, ka miƙa aikinka."

Ya ce, "Haka na ce. Shi ya sa za ki tsallaka ki nemo min ta biyu."

"In ta ce haka ne fa?"

"To haka ne."

"Gero ya kusa nuna."

"Na gani, Gwaggo. Ta gonaki nake wucewa."

Tsallakawar ita ce tafiya mafi wuya da na yi. Na ɗauki kayan dillanci a sama, rakoda a ƙasa. A shingen can wani jandarma ya tono ta. Na ce wa'azi nake ji da ita. Ya juya ta, ya kunna, ya ji babu komai a kaset ɗin, ya karɓi sabulu biyu ya sake ni. Daga nan amalanken shanu, ruwa ya cinye hanya, muka yi ta kwana a ƙauyukan da ban san kowa ba. Ta-Rana ta daɗe da rasuwa. Amma na sami 'yarta, Dije, tana sayar da daddawa, ita ma ta tsufa. Ban ambaci Inna Kande ba, ban ambaci hatsi ba. Na ce kawai ta ba ni labarin aikin mahaifiyarta.

Ta ce tana yarinya takan bi ta riƙe mata tabarma. Ta ce akwai gidan wata ungozoma. Ta ce akwai wata 'yar Ingilishi, haka suke kiran mutanenmu, mai murya da son goro. Da ta zo kan hatsi sai ta yi dariya ta ce, "Innata takan ce sarakuna biyu ta aurar da juna ba su sani ba."

Na kashe rakodar.

Na dawo an fara yanka a wasu gonaki. Malam ya ji kaset na biyu a tsaye. Ya rubuta wa jami'a yana neman a ƙara masa shekara, ya bayyana dalili. Babban malaminsa ya tsaya masa, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Wani abokinsa ya zo har Daura, ina zaune a zaure ina jin su.

"Nuhu, ka miƙa yadda yake. Ka karɓi digiri, ka gyara daga baya. Kowa haka yake yi."

"In tsaya gaban mutane in kare abin da na san ba haka ba ne?"

"Wa ya sani in ba kai ba?"

"Gwaggo ta sani. Tsofaffi biyu sun sani."

"Su ne za su ciyar maka da yara?"

Malam ya raka shi ƙofa. Ya je da kansa ya gaya wa jikokin hakimin abin da ya samu, don kada su ji a bakin wani. Suka saurare shi, suka sa aka fito masa da jakarsa daga ɗakin da suka ba shi.

Amsar jami'a ta zo bayan an kai gero rumbu. Ba a ƙara masa ba. An sallame shi, an ba shi wa'adin barin gida.

Ranar da zai bar Daura na je na taya shi ɗaure kaya. Kwali biyu na kaset ne, duk da zarena a jiki. Ya sami koyarwa a wata makarantar sakandare, ya ce a can zai sake rubutun daga farko, ko shekara nawa zai ɗauka. Ya miƙo min rakodar ya ce in riƙe, wasu za su zo.

Na ce, "Malam, a motar Baure na yi niyyar goge kaset ɗin Inna Kande."

Ya tsaya da igiya a hannu.

Na ce, "Da na goge fa?"

"Da yanzu ni dakta ne."

"Da ka gane?"

"Da ban gane ba, Gwaggo. Da na buga shi, ɗalibai su karanta, su koya wa nasu ɗaliban. Ba wanda zai taɓa ganewa." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Abin da ke hana ni barci a wannan aikin ke nan."

Ya gama bayan shekaru, wata jami'ar ta ɗauke shi. Furfura ta riga digirin zuwa. Na ji yanzu ɗalibansa suna yawo suna neman jikokin jakadu da 'yan aike a ƙasashe da yawa. Wasunku ma shi ya turo ku. Inna Kande ba ta ji ko ɗaya ba, ta rasu a ranin da ya biyo bayan zuwana wurinta.

Don haka in na kai ku wurin tsohuwa, ku zauna. Ku ajiye takardar. Kuma kafin ku danna wayar nan, kowa ya tambayi kansa ko yana da inda zai kai iyalinsa in ta faɗi abin da bai zo nema ba.